Filin Tambaya da Amsa: Na'urar Hangen Taurari

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi na'urar hangen taurari mai madubi. A jikinta an rubuta D=76mm, F=700mm, kwalin kuma ya ce tana girmama abu sau 525. Na haɗa ta yadda takarda ta nuna, amma in na leƙa, ko dai duhu ko wani farin dishi-dishi. Jabu aka sayar mini? Daga wani makaranci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiya lau take, kwalin ne ya cika baki. Ana samun yawan girmamawa ne in an raba lambar F da lambar da ke jikin ɗan gilashin da ake sa wa ido. Irin wannan na'ura takan zo da gilasai masu lamba 20 da 12.5 da 4, da wani bututu mai ninka girma sau uku da ake kira Barlow. Raba 700 da 4, ka sami 175, ninka sau uku, ga 525 ɗin. Lissafin daidai ne, sai dai madubi mai faɗin milimita 76 ba shi da hasken da zai ɗauki wannan nauyi. Iyakarsa ita ce faɗinsa sau biyu, wato wajen 150, shi ma sai daren da iska ta kwanta.

Ka ajiye Barlow da gilashi mai lamba 4 a kwali. Fara da mai lamba 20, wanda zai ba ka sau 35: wata zai shiga gaba ɗayansa da ramukansa, za ka kuma ga watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani a 1610. Mai lamba 12.5 yana ba da sau 56, ya isa ka rarrabe zoben Zuhalu.

Duhun kuwa, yawanci ƙaramin bututun saiti da ke goye a sama ne bai dace da babban ba. Da rana ake gyara shi. Nemi kan hasumiya ko ƙarfen sabis mai nisan rabin kilomita ko fiye, ta ɓangaren da rana ba ta nan, ka sa shi a tsakiyar babban bututu, ka ɗaure, sannan ka murɗa sukurorin ƙaramin har abin ya zauna a mahaɗar layukansa. Za ka ga hoton kai a ƙasa. Haka irin wannan na'ura take. In kuɗi ya samu, sayi gilashin ido samfurin Plössl mai lamba 25 da mai 10, amma auna bakin da ake zura shi tukuna, don akwai mai faɗin milimita 24.5, akwai mai 31.7.

Tambaya: Hazon hunturu ya bar ƙura a kan madubin na'urata. In goge da tsumma mai laushi? Daga wata malamar kimiyya a Katsina.

Amsa: Malama, kada ki kuskura. Madubin ɗaki azurfarsa tana bayan gilashi, na na'ura kuwa shafin alminiyam ne a fuskar gilashin, siriri ƙwarai. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, kowace goga a bushe zane ce da ba ta gyaruwa. Sannan ƙura tana ban tsoro ne kawai in an haska tocila cikin bututu. Ƙurar da ba ta yi kauri ba kusan ba ta rage komai a gani. Wanki ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, ya wadatar.

In lokacin ya yi, ki manna ɗan salatif a bututu da gindin da madubin ke zaune a kai, don ki mayar da shi yadda ya fito. Kwance sukurorin gefe, zaro gindin, sassauta maƙalai ukun da ke riƙe da madubin, ki ɗauke shi ta gefe ba tare da yatsa ya taɓa fuskarsa ba. Cire zobe da warwaro. Shimfiɗa tawul a cikin robar wanki, ɗora madubin fuska sama, ki kwarara masa ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, har yashin ya tafi. Cika robar da ruwa, ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo biyu ko uku, ki bar shi ya jiƙa minti 10. Sai ki ɗauki audugar asibiti, ki ja ta a kan fuskar a ƙarƙashin ruwa, da nauyin audugar kawai, babu dannawa. Ja ɗaya, a yar, a ɗauki sabuwa.

Ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa ake yi, wanda aka tara daga tururi, don ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin tabo in ya bushe. Ana samunsa a kemis. In wurin masu batir za ki saya, ki tabbatar ruwa ne zalla ba mai asid ba, domin duka biyun ruwan batir ake ce musu. Jingine madubin a tsaye ya tsane da kansa. Ɗigon da ya maƙale a tsotse shi da kusurwar tishu.

Wurin mayarwa ne mutane suka fi ɓata aiki. Maƙalan nan uku aikinsu hana madubin faɗowa ne, ba matse shi ba. Bar tazarar da takarda za ta iya ratsawa. In aka ɗaure su tam, gilashin yana lanƙwasa, taurari su koma masu kusurwa uku. Daga nan sai rigakafi: a rufe baki da gindin bututu (hular wanka ta roba tana aiki sarai), a ajiye shi a kwance ko baki ƙasa. Da damina kuma a bar raɓa ta bushe kafin a rufe, in ba haka ba fumfuna ta kama gilashi.

Tambaya: Tawa 130/650 ce, wato D=130mm, F=650mm. Tun da na kawo ta a mota daga Abuja kowane tauraro yake fitowa da jela. Daga Zariya.

Amsa: Girgizar hanya ta karkatar da madubai, sai an sake saita su. Gajeren bututu irin naka, wanda F ɗinsa ta ninka faɗinsa sau biyar kacal, ba ya yafe karkata ko kaɗan.

Kayan aikin ba tsada: murfin robar da ke toshe gurbin gilashin ido, ka huda rami na milimita 2 a tsakiyarsa daidai. Duba ko babban madubi yana da ɗan zobe a tsakiya. In babu, yanki takarda daidai faɗin madubin, ninke ta huɗu, ciri ɗan tsinin, ka sa alama ta ramin. Ba ta cutar da gani, don inuwar ƙaramin madubin da ke kusa da bakin bututu tana rufe wurin.

Kwantar da bututun a miƙe, kada abin murɗawa ya suɓuce ya faɗa kan madubi, ka fuskantar da shi ga bango mai haske. Leƙa ta ramin. Da farko ƙaramin madubi: murɗa ƙananan sukurorinsa uku, ana sassauta ɗaya kafin a ɗaure wani, har ka ga maƙalan babban madubi duka uku daidai wa daida. Sannan koma gindi. Akwai sukurori shida, uku na kullewa, uku na saiti. Sassauta na kullewa, ka riƙa juya na saiti rubu'in zagaye kana leƙawa, har hoton ramin da kake leƙe ya shiga tsakiyar zoben. Kulle a hankali.

Da dare ka gwada a kan tauraro mai haske da wajen sau 130, kana riƙe da shi a tsakiya. Kauce wa daidaiton gani kaɗan: zai zama faifai mai baƙin ɗigo. Ɗigon a tsakiya, aiki ya yi. In faifan yana tafarfasa, ba laifin saiti ba ne, zafi ne. Fitar da na'urar minti 30 zuwa 45 kafin kallo, kuma kada ka hanga ta saman rufin kwano ko daɓen siminti da ya sha rana.

Tambaya: Mazaunin na'urata mai bin juyawar sama ne, mai dunƙulen ƙarfe. In na sa shi a digiri 14 sai ƙarfen ya bugi ƙafa. Daga Damagaram.

Amsa: An ƙera waɗannan ne da tunanin Turai da Amurka, inda tauraron arewa ke sama sosai. A Damagaram tsayinsa bai kai digiri 14 ba, a Kano 12. A wasu mazaunai ana iya juya kan yadda dunƙulen zai sauka tsakanin ƙafafu biyu. In bai yiwu ba, bar ma'aunin a 20, ka gajarta ƙafar arewa har sandar mazaunin da ke nuna tauraron arewa ta sauko zuwa digiri 14, kana aunawa da manhajar auna karkata ta waya. Duk wadda ka bi, nauyi ya koma arewa, don haka rataya galan mai lita 5 cike da ruwa ko yashi a tsakiyar ƙafafun. Wannan yana rage rawar da hoto ke yi ma. Don kallo da ido, kuskuren digiri ɗaya ko biyu ba matsala.

Tambaya: Zan iya neman jinjirin wata da ita? Daga Sakkwato.

Amsa: Za ka iya, da sharaɗi: kada ka buɗe murfi sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Ƙiftawa ɗaya ta hasken rana ta cikin na'ura tana ƙona ido har abada. Baƙin gilashin nan da ake ɗaurawa a gindin gilashin ido da sunan tace rana, yar da shi, zafi yana fasa shi.

Jinjiri siriri ne, in daidaiton gani ya kauce kaɗan zai ɓace maka ko yana gabanka. Saita ganin tun daren jiya a kan tauraro, ko a kan Zara in tana yamma, ka manne wurin murɗawa da salatif. Yi amfani da mafi ƙarancin girmamawa, ka share sama a hankali hagu da dama a saman inda rana ta faɗi, zuwa tsayin dunƙulen hannu ɗaya a miƙe, wato wajen digiri 10. Tabaron hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, ya fi na'urar sauƙi a wannan aiki saboda faɗin filinsa. Hukuncin ganin da aka yi da na'ura kuwa na malamai ne, sanarwa kuma a Najeriya daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa. In ka gani, rubuta lokaci da wuri da ɓangaren da ƙahonsa suka fuskanta, don su za a tambaye ka.