Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai jirgin yaƙi mai sunan Asante?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, nan aka haife ni nan na tashi. Kakana kafin ya rasu yana yawan faɗa mana wai a zamanin yaƙin Hitila Turawan Ingila suna da wani jirgin ruwa na yaƙi da suka raɗa wa sunan Asante, har Sarkin Asante ya ba jirgin kyauta. Mu dai muna ɗauka hirar tsofaffi ce kawai. Don Allah Malam gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya mutanen da suka ƙone Kumasi za su dawo su sa wa jirginsu sunan Asante? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinsa, wallahi bai yi maku ƙarya ba. Sunan jirgin HMS Ashanti, irin wanda ake kira distiroya ne, wato jirgin yaƙi matsakaici mai ɗan karen gudu wanda aikinsa rakiyar manyan jirage da farautar jiragen ƙarƙashin teku. A Dumbarton ta ƙasar Sikotilan aka ƙera shi, kamfanin William Denny ne ya yi aikin, aka sauke shi ruwa a Nuwamba 1937 ya fara aiki a Disamba 1938. Tsawonsa kusan mita 115 ne, manyan bindigogi 8 gare shi, kuma in ya saki wuta yakan haura kilomita 65 a awa ɗaya, a kan teku fa.

Su 16 ne 'yan gida ɗaya da aka ƙera wa sojan ruwan Ingila, duk aka sa masu sunayen ƙabilu da al'ummomi: Zulu, Somali, Nubian, Matabele, Mashona, Bedouin, Sikh, Gurkha da sauransu. In ka lura da jerin za ka ga yawancinsu mutanen da suka yi suna a fagen daga ne, wasu ma da Turawan suka gwabza. To a nan amsar tambayarka ta biyu take. Asante, waɗanda kakanninmu fataken goro na hanyar Gwanja ke kira Tonawa, sun ba Ingila wahalar da ba ta manta ba. A 1824 sun kashe gwamnan Turawa Charles MacCarthy a fagen fama, a 1874 Janar Wolseley ya shiga Kumasi ya cinna mata wuta, a 1896 aka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya aka fitar da shi daga ƙasarsa har ya ƙare a tsibirin Seshal, sai 1924 ya dawo, sannan a 1900 wata sarauniyar Asante mai suna Yaa Asantewaa ta ja mazaje aka sake fafatawa a kan kujerar zinariya ta sarautar Asante. Kuma kada mu ɓoye, a cikin dakarun da Turawa suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe da su akwai sojojin Hausawa, tarihi ne ba yadda za mu yi da shi. Ni a ganina sunan girmamawa ne, amma irin girmamawar da mai mulki ke yi wa wanda ya riga ya danne, ya yaba jaruntarka bayan ya karɓe ƙasarka, wannan abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna.

Amma dubi yadda Asante suka karɓi abin. A ƙarshen Fabrairu 1939 jirgin ya zo Takoradi, aka miƙa masa ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya, kyauta daga Asantehene, wato Sarkin Asante, Prempeh na biyu, wanda shekara 4 kacal kafin nan, a 1935, aka maido da sarautar Asantehene a hannunsa. Kamar dai ya ce tunda kun ɗauki sunanmu to ku riƙe shi da mutunci. Wannan ita ce kyautar da kaka ke ba ku labari.

Kuma jirgin bai kunyata sunan ba, duk da farkon yaƙin bai zo masa da sa'a ba, don a Oktoba 1940 ya hau kan duwatsu a gaɓar Ingila kusa da Sunderland, gyara ya cinye masa watanni da yawa. Shekarar 1942 ce shekararsa. A watan Agusta tsibirin Malta da ke hannun Ingila na cikin ƙawanya, abinci da mai sun kusa ƙarewa, aka haɗa ayarin jiragen kaya 14 da rakiya mai yawa aka tura ta Bahar Rum, Jamus da Italiya suka yi masu ca ta sama da ta ƙasan ruwa, 5 kawai suka isa. Ga wani abu da zai ba masu karatunmu na gida mamaki: babban jirgin da Admiral Burrough, jagoran rakiyar kusa, yake ciki sunansa HMS Nigeria. Ran 12 ga Agusta wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya harbe shi da topido, wato bam mai tafiya ta cikin ruwa, bai nutse ba amma dole ya juya Jibralta, sai Burrough ya sauka ya koma cikin Ashanti ya ci gaba da jan ragamar ayarin daga can. Wato Najeriya ta ji rauni, Asante ta karɓi tuta.

Wata guda bayan haka sai ga shi a can ƙuryar arewacin duniya, cikin tekun ƙanƙara, yana rakiyar jiragen da ke kai wa Rasha kayan yaƙi. Wurin nan ne ya fi taɓa min zuciya. A hanyar dawowa ran 20 ga Satumba aka harbi ɗan'uwansa HMS Somali, injinsa ya mutu, aka kwashe yawancin mutanensa aka bar wasu a ciki su yi ta kwarfe ruwa. Ashanti ya ɗaura masa igiya ya fara jansa, har waya aka miƙa daga wannan jirgi zuwa wancan don a ba shi lantarki famfunansa su yi aiki. Ka yi tunanin abin, sanyin da ke daskarar da yatsa a kan ƙarfe, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus na shawagi, kai kuma kana rarrafe a hankali da ɗan'uwa ɗaure a bayanka, kwana 4 cur. A dare na huɗu guguwa ta taso, Somali ya karye biyu ya nutse, mutanen da ke ciki kaɗan aka iya tsamowa daga ruwan, sauran sanyi ya tafi da su.

Daga baya a 1944 ya koma mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, yana cikin jiragen da suka nutsar da jirgin Jamus T29 a Afrilu, sannan ran 9 ga Yuni, kwana 3 bayan saukar sojojin Ingila da ƙawayenta a Nomandi ta Faransa, ya taimaka aka hallaka wani distiroyan Jamus mai lamba ZH1.

Cikin 16 ɗin nan 12 ba su ga ƙarshen yaƙi ba. Huɗu ne suka tsira: Ashanti, Nubian, Tartar da Eskimo. Sai dai ya riga ya gaji liƙis, a 1949 aka kai shi Troon ta Sikotilan aka yayyanka shi aka sayar da ƙarfen. Bayan shekara 10, a 1959, sojan ruwan Ingila suka sauke wani sabon jirgi ruwa suka sake raɗa masa Ashanti, lokacin Ghana ta riga ta shekara 2 da samun 'yancin kai. Ka gaishe mana da jama'ar Zango, kuma in akwai wani dattijo da ya rage wanda ya ji labarin ranar Takoradi daga bakin wanda ya gani, don Allah ka je ka zauna da shi ka rubuto mana.