Famfon tankin kifina yana gurnani tun da na haɗa shi da Arduino, ruwan ma ya fara jan hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ina da tankin kifin ado mai cin lita 120, famfon ciki irin mai nutsewa ne na wutar gida, bolt 220, wat 25, an rubuta yana tura lita 1500 a awa. Ruwan ya yi wa kifayen ƙarfi, duk sun tattara sun koma lungu ɗaya. Ina ɗan taɓa Arduino, ɗan bod ɗin nan da ake rubuta wa kod ya sarrafa na'urori, sai na ce bari in rage masa gudu da kod. Da farko rile na sa, wato suwic ɗin da wuta ke kunnawa da kashewa, da umarnin kod na analogWrite, ƙara kawai yake yi kamar zai fashe, daga baya na sayi modul ɗin dima mai triac, irin abin rage hasken fitila, kamar yadda na gani a wani bidiyo. Yanzu in na rage sai famfon ya yi ta gurnani, wani lokaci ya tsaya cak, in na ciro shi kuma da zafi. Abin da ya tayar min da hankali, jiya na sa hannu a ruwan na ji kamar ana tsira min allura a inda na yanke a yatsa. Wani ya ce min ba komai tunda kifayen suna nan lafiya lau. Don Allah kod ɗin ne ba daidai ba ko me?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin ka ci gaba da karatu tashi ka zare fulogin famfon nan daga bango, ba kashe suwic kawai ba, ka zare shi, ka zare hita da fitilar tankin ma, kuma kar hannunka ya sake taɓa ruwan sai an gano inda wutar take yoyo. Kod ɗinka ba shi da laifi. Ko ƙwararren duniya ne ya rubuta maka shi, haka famfon zai yi.

Ga dalili. Kusan duk ƙananan famfunan tankin kifi masu shiga soket kai tsaye, moton cikinsu maganaɗisu ne ɗan dogo da farfela a kansa, yana juyawa ne daidai da bugun wutar AC. Wuta mai bugu 50 a sakan tana juya shi sau 3000 a minti, in mai 60 ce kamar ta Amurka sau 3600. Gudunsa a ɗaure yake da wannan bugun, ba da yawan bolt ba. Ita kuwa dima ba ta taɓa yawan bugun, abin da take yi shi ne ta gutsire wani ɓangare na kowane zagayen wuta, 50 ɗin yana nan daram. To kana ragewa ƙarfin jan maganaɗisun ne yake raguwa, shi kuma yana ta ƙoƙarin riƙe 3000 ɗinsa har ya kai inda ya kasa, daga nan sai ya kuɓuce, ya tsaya yana karkarwa wuri ɗaya, gurnanin da kake ji ke nan. Ba shi da tsaka-tsaki, ko cikakken gudu ko tsayuwa. Mutane suna ruɗuwa ne saboda sun ga abin rage gudu yana aiki a fanka, sun manta moton fanka wani iri ne daban, shi an gina shi yana ɗan zamewa a bayan bugun wutar, shi ya sa rage masa wuta yake rage masa gudu.

Maganar rile kuwa, analogWrite a Arduino Uno yana kunna-kashe wajen sau 490 a sakan a yawancin ƙafafun bod ɗin, wato inda ake jona waya, 980 a ƙafa ta 5 da ta 6. Rile ƙarfe ne mai motsi, rufewa ɗaya tana ɗaukar sa wajen milisakan 10, ina zai iya bin wannan? Kuma irin waɗannan ƙananan rile ɗin rayuwarsu da lodi a kai kusan buɗe-rufe 100,000 ce, da ma yana iya bi, cikin minti huɗu ya ƙare.

Yanzu bari in zo kan wanda ya ce maka ba komai tunda kifaye ba su mutu ba, don wallahi wannan maganar ta fi dimar ɓata min rai, kuma kullum sai na ji ta, har daga bakin masu kiran kansu injiniyoyi. Kifi ba mitar awon wuta ba ne. Tankinka gilashi ne, gilashi ba ya wuce da wuta, saboda haka in wuta ta yoyo cikin ruwan ba ta da hanyar fita zuwa ƙasa, ruwan gaba ɗaya ya ɗauki bolt ɗin ya zauna da shi, kifin yana ciki kansa da jelarsa duk a mataki ɗaya, kusan babu abin da ke ratsa jikinsa, kamar dai tsuntsun da ya sauka kan wayar wuta yana shan iska. Kai kuma ƙafarka tana ƙasa, wataƙila ma ba takalmi, ƙasan kuma a jiƙe don wa ya taɓa canjin ruwa bai zubar ba, kana tsoma hannu ka zama hanyar da wutar take nema tun ɗazu, ta hannu ta ƙirji ta ƙafa. Jiƙaƙƙiyar fata juriyarta tana faɗuwa sosai, inda aka yanke kuwa babu ma fatar, shi ya sa a nan ka fara ji. Daga wajen miliamf 10 zuwa sama tsokar hannu take fara ƙanƙamewa mutum ya kasa saki, kuma wannan ko kusa bai kai abin da zai ƙona fis ko ya faɗar da birekar gida ba, su lodi mai yawa suke tsaro ba ranka ba. In tankin ruwan gishiri ne abin ya fi muni.

Kuma ka ga yadda abubuwan biyu suke haɗuwa. Koyil ɗin famfon a binne yake cikin wani busasshen danƙo, shi kaɗai ne tsakanin bolt 220 da ruwan. Famfon da ya tsaya alhali wuta tana shigarsa zafi kawai yake tarawa, ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, danƙon nan yana iya tsagewa ko ya saki a inda waya ta shiga, tsagar da ido ba zai gani ba. Ba na cewa lallai famfon ne, hita ma tana fashewa, fitila ma tana shan danshi, wani lokacin ma ɗan yoyo ne mara ƙarfi. Amma ba da yatsa ake tantancewa ba. Sa mitar awon bolt a AC, ɓangare ɗaya a ruwa ɗaya a wayar ƙasa ta soket, ka riƙa jona kayan ɗaya bayan ɗaya, wanda lambar ta yi tsalle a kansa shi ne. Mitar dijital takan nuna 'yan bolt na bogi ko da komai lafiya, tsallen za ka lura da shi. Ni dai famfon da ya sha dima har ya yi zafi ba na mayar da shi ruwa, ko mita ta wanke shi.

Masu bidiyon nan da ke shimfiɗa modul ɗin triac tsirara a kan tebur, 220 a gefe, kebul ɗin USB a jone da kwamfuta, bokitin ruwa a kusa, ba su taɓa ce maka ka sa RCD ba ko? Shi ne na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ga miliamf 30 ya ɓace a hanya. Duk soket ɗin da ke ciyar da tanki ya kamata ya bi ta kansa, ka riƙa danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci, sannan kowace waya ka bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya zube ƙasa.

To me za ka yi da ƙarfin ruwan? Lita 1500 a tankin 120 ai juya ruwan yake fiye da sau 12 a awa, alhali yawancin kifayen ruwan daɗi sau 4 zuwa 6 ya ishe su, wato tun farko famfon ya yi girma. Mafi sauƙi ka sa bawul a bakin fitar ruwa ka matse, irin wannan famfon mai farfela ba ya jin komai. A bakin fita fa, ba a bakin shiga ba, in ka shaƙe mashiga farfelar ce za ta ci kanta. Ko ka sa dogon bututu mai huji-huji ka juya shi ya kalli gilashi.

In kuma dole sai Arduino, ka koma famfon DC mai bolt 12 ko 24, adaftarsa tana can nesa da ruwa. Mai burushi mai waya biyu, mosfet, wato suwic na lantarki mara ƙarfe mai motsi, ya ishe shi: IRLZ44N, wanda bolt 5 ke buɗe shi sosai, ba IRF520 da ake cusawa a modul ba wanda sai wajen bolt 10 yake buɗewa duka, razista mai om 220 daga ƙafar Arduino zuwa get, wato ƙafar mosfet mai karɓar umarni, wata mai 10k daga get zuwa giraun, wato wayar negetif, dayod a juye tsakanin wayoyin famfon, kuma giraun ɗin adafta da na Arduino a haɗe. Kar ka ja famfo daga ƙafar Arduino, miliamf 20 aka so ta bayar, 40 shi ne iyakar da take lalacewa. Sai dai yawancin masu nutsewa marasa burushi ne, da ɗan bod ɗinsu a ciki, in ka riƙa datse musu wuta da PWM, wato kunna-kashen nan mai sauri na analogWrite, bod ɗin ne zai yi ta mutuwa yana farfaɗowa. Nemi wanda aka rubuta yana da wayar sarrafa gudu, ta PWM ko bolt 0 zuwa 5 ko 0 zuwa 10, wuta ta tafi masa kai tsaye, Arduino ya ba da umarni kawai. In na 0 zuwa 10 ne akwai ɗan modul mai mayar da PWM zuwa hakan.

A kod abu biyu. Duk tashi ka ba shi 255, wato cikakken gudu a analogWrite, na sakan ɗaya ko biyu kafin ka sauko, don a ƙaramin gudu ba ya iya tashi daga tsaye. Sannan ka sa masa iyakar ƙasa, saboda in ka raba gudu biyu ruwan da yake turawa ya koma rabi amma tsayin da yake iya ɗaga shi kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, famfon da ke kai mita 2 ya dawo rabin mita, kana jin yana juyawa amma ko ɗigo ba ya isa filtar da ke sama. Filta kuwa in ruwa ya daina ratsa ta na sa'o'i, bakteriyar da ke cinye amoniya ta rasa oksijin ta fara mutuwa. Shi ya sa ni famfon filta ba na ba Arduino amanarsa, 10k ɗin nan da na ce ka sa kashe famfon zai yi duk lokacin da bod ya mutu ko wayar get ta zare. Bar na filta ƙarami a kunne dare da rana, wasan gudu ka yi shi da famfo na biyu, kuma ka kunna wacdog ɗin Uno, in kod ya maƙale ya sake tayar da bod ɗin cikin sakan 8.