Tambayoyinku: Na'urar gano ƙarfe a bakin teku, da 'yan damfarar zinariya

Malam, ina aiki a Legas, nakan ga Turawa a bidiyo suna tsintar zobba a bakin teku da na'urar gano ƙarfe. Na sayi wata mai araha ta intanet, a tsakar gida tana aiki lafiya, amma da na kai ta Tarkwa Bay sai ƙara take ta yi ko'ina na ɗora ta. Lalatacciya aka sayar mini? Wace zan saya da kuɗi kaɗan? — Mai karatu daga Obalende

Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, kai ne ka kai ta inda ba wurinta ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, shi ya sa na'ura mai aiki da zango ɗaya, wato mai aika siginar lantarki iri ɗaya tak cikin ƙasa, take jin jiƙaƙƙen yashi tamkar ƙarfe ne shimfiɗe har iyakar ganinka. Koma can sama inda yashi ya bushe, za ka ji ta natsu. In ka dage sai kusa da ruwa, rage mata ƙarfin ji, amma ka sani zurfin ma ya ragu.

Maganin gishiri shi ne na'ura mai aika zango da yawa lokaci guda, ta gwada amsoshinsu ta ware na gishirin. Ɗaya daga cikin masu sauƙin kuɗi a wannan layi ita ce Vanquish 340 ta kamfanin Minelab na Ostireliya, wadda lokacin da ta fito aka riƙa sayarwa wajen dala 200 kafin kuɗin jigila da na kwastan. Farantinta, wato zagayayyen faifan da ke ƙarshen sanda wanda ake bi da shi kan ƙasa, yana shiga ruwa, akwatin da ke hannunka ba ya shiga, igiyar ruwa ɗaya ta mare shi shi ke nan kuɗinka sun bi teku. Ni da za a bi tawa, a ƙara haƙuri a tara a sayi Nokta Score ko Legend, 'yan Turkiyya, waɗanda ake nutsa su gaba ɗaya. Akwai kuma masu bugun lantarki da ake kira PI, irin Garrett Sea Hunter. Gishiri bai dame su ba, sai dai ba su iya bambance zobe da ƙusa sosai, za ka wuni kana haƙo marfin kwalba.

Ka ware kuɗin shebur mai huji-huji da abin sawa a kunne, ƙugin teku ba zai bar ka ka ji siririyar ƙara ba. Ka fita lokacin da ruwa ya janye. Kuma ka tambayi masu kula da wurin kafin ka fara tona musu yashi.

Na sauko da manhajar gano zinariya a wayata. Gaskiya ce? — Daga Kumasi

Abin da ke cikin wayarka ɗan ma'aunin maganaɗisu ne, wanda manhajar alƙibla take amfani da shi. Zai ji almakashi, zai ji ƙusa. Zinariya maganaɗisu ba ya kama ta. Goge manhajar, talla kawai take cin datarka da ita.

Ranka ya daɗe, wani dila ya nuna mini na'ura mai eriya biyu, ya ce tana hango zinariya daga nisan kilomita biyu, a tudu ko a teku, har ta nuna zurfi. Ya gwada a gabana eriyar ta juya ta nuna sarƙar da ya ɓoye. Zan sayar da fili in saya. — Wani Alhaji daga Agadas

Alhaji, don Allah riƙe filinka. Wannan tambaya ta fi kowace ɓata mini rai, domin kullum sai ta dawo da sabon suna da sabon kwali.

Wa ya ɓoye sarƙar? Shi. Wa ke riƙe da na'urar? Shi. Eriyar a kan ƙusa take lilo, ɗan karkata hannun da ido ba ya gani ya isa ya juya ta. Kai ma in ka riƙe, kana sane da inda sarƙar take, hannunka zai kai ta can ba da saninka ba. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ka samo kwanoni goma, yaronka ya kife sarƙar ƙarƙashin ɗaya ba ku nan, shi ma ya bar wurin, sannan dila ya zo ya nemo. A maimaita sau goma. Ina mai tabbatar maka wayarsa za ta yi ƙara, uzuri ya taso.

Ba kai kaɗai ake yi wa ba, gwamnatoci ma sun faɗa. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda na'urar ADE 651 da ya ce tana gano bam daga nesa. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai kai dala 20 ba, ya riƙa sayar da ita dubban daloli. Iraƙi ta rarraba ta a shingayen bincike, ba a janye ta ba sai 2016, bayan harin Karrada a Bagadaza. Can rayuka aka yi asara, kai fili ake nema a raba ka da shi.

Na'urar gaske dole farantinta ya bi ta kan abin, kuma zobe a yashi da wuya ta ji shi in ya wuce santimita 30. Ko manyan injinan da aka yi ta shiga Djado, wurin haƙar zinariya a arewacin Nijar, da su tun 2014, masu cin dubban daloli, a ƙafa ake yawo da su taku bayan taku cikin rana. Su ma jabunsu ya cika kasuwa, saboda haka a nemi dilan da kamfanin ya amince da shi, a tantance lambar jikin injin kafin a ƙirga kuɗi.

Sandar na'urata ta ƙi zugewa bayan na dawo daga bakin tekun Kribi. — Daga Duwala

Ba ka wanke ta ba ke nan. Jiƙa mahaɗar da ruwan famfo mai ɗumi har gishiri da yashin su saki, kar ka sa filaya. Daga yau duk dawowa a ɗauraye, a cire rigar farantin a zubar da yashin da ya maƙale.

In na tsinci zoben zinariya nawa ne? — Daga Fatakwal

Nan fagen malaman fiƙihu ne, kuma za su ce maka tsintuwa sai an yi cigiyarta shekara guda. Sayi na'urar tukuna.