Me ya sa wasu ke rubuta "ƙuɗi"?

Ka tambaya me ya sa mutum zai rubuta "ƙuɗi" ko "ƙasuwa", alhali k ɗin kuɗi da kasuwa ba ta da lanƙwasa. Garin neman gira ne ya rasa ido. An taɓa yi masa gyara cewa "kasa" daban, "ƙasa" daban, sai ya tsorata, duk k ɗin da ya gani ya lanƙwasa ta. Haka wanda aka koya wa raba "ya zo" yake zarcewa ya rubuta "ya na zuwa" maimakon "yana zuwa", wannan kam har 'yan boko.

Ba Hausa kaɗai ba ce. A binciken da masanin harshe William Labov ya wallafa a 1966 kan Turancin New York, masu matsakaicin hali, idan aka ba su jerin kalmomi su karanta, sun zarce na sama da su wajen furta r, garin ƙoƙarin yin magana irin ta manya.