Tsohuwar Jaket a Cikin Kayan Gado: Ta Wa Ce, Kuma Shekarunta Nawa?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu ya bar mahaifiyarmu da mu uku: ni, yayana namiji da ƙanwarmu. A akwatinsa akwai wata jaket ta jins ƙirar Levi's da ya zo da ita daga Amurka tun yana saurayi. Ya sha ce mini, "In na mutu rigar nan taka ce." Bayan rasuwar na ɗauke ta, ba wanda ya tanka. Da na sa hotonta a intanet sai wani mai tara tsofaffin tufafi ya matsa mini lamba in sayar masa, wai ta shekarun 1950 ce. Yanzu Yaya ya ce sai dai a raba kuɗin. Ina da ikon sayarwa? Kuma yaya zan gane shekarunta?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Malam, amsar ba za ta yi maka daɗi ba: a yadda ka kawo zancen, Yaya ne a kan daidai. Rigar tana hannunka, amma amana ce, ba mallaka ba.

Tun da ba ka ambaci rubutacciyar wasiyya ba, zan ɗauka shari'ar Musulunci ce za ta raba gadon. A can, "in na mutu taka ce" wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince bayan rasuwa. Ko da cewa ya yi "na ba ka", kyauta a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai an karɓe ta mai bayarwa yana raye. Rigar kuwa a akwatinsa ta kwana har ranar da ya cika. Shirun da 'yan'uwanka suka yi ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin sun yi shi ne suna ɗauka tsumma ne. Yafewar da aka yi ba a san darajar abu ba, ita ce ta fi saurin komawa gaban alƙali. Ko a inda dokar boko ke aiki, maganar baki irin wannan ba kasafai take zama wasiyya ba, kuma kayan mamaci na hannun mai kula da gado ne har a raba.

In iyayen Baba ba sa raye, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, sai a kasa abin da ya rage gida 40: Mama 5, kai 14, Yaya 14, ƙanwarku 7. Rigar ma haka take. In ka sayar kai kaɗai, ka sayar da kaso 26 da ba naka ba, kuma cinikin yana rataye har sai masu su sun yarda.

Shi ya sa sanin shekarunta ya zama aikin shari'a: ba a yin rabo na adalci a kan abin da ba a san ƙimarsa ba. Kafin komai, kada a wanke ta, kada a kai wa tela ya canza maɓalli, kada a yanke wani ɗan ƙyalle don yana sosa wuya. Waɗannan ƙyallayen su ne shaidunku. A ɗauki hoton gaba da baya da ciki a gaban Yaya, kowa ya riƙe kwafi.

Sai ka shimfiɗa ta ka ƙirga aljihun ƙirji. Tsohuwar ƙirar da ake kira 506XX aljihu ɗaya gare ta, da ɗan madauri mai ƙarfe a ƙugu ta baya. A 1953 aka fito da 507XX mai aljihu biyu, da tattara a gefen maɓallai. A 1962 aka kawo 557XX: murfin aljihunta mai tsini ne, kuma ɗinki biyu suna gangarowa daga kowane aljihu suna matsowa kusa da juna har ƙugu. Wannan ƙirar ce ta cika duniya har yau. To in rigar Baba mai murfi mai tsini ce, maganar shekarun 1950 ta faɗi nan take. In kuma tana da aljihun zura hannu a gefe, ta gangaro shekarun 1980 ko bayansu.

Daga nan ka duba ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihu. Har zuwa wajen 1971 da babban harafin E ake rubuta sunan Levi's a jikinsa, daga baya aka koma ƙaramin e. Facin da ke bayan wuya na fata ne a dā, a tsakiyar shekarun 1950 aka koma takarda mai kauri. Ka kuma leƙa ciki ko akwai ƙyallen umarnin wanki, domin dokar Amurka da ta wajabta ɗinka shi a tufafi ta fara aiki ne a 1972.

A nan mutane suke faɗa wa rami. Kowace alama abin da take faɗa shi ne "ba a yi ni kafin shekara kaza ba", kuma alamar da ta fi kowacce sabunta ita ke yanke hukunci. Kamfanin da kansa ya daɗe yana sake ɗinka tsofaffin ƙirarsa da babban E da komai, ga kuma masu buga jabu. Babban E tare da ƙyallen wanki na zamani yana nuna kwaikwayo ne. Kuna da wata hujja da ɗan kasuwa ba shi da ita: hoton Baba sanye da rigar, hatimin shiga Amurka a tsohon fasfonsa, takardar makaranta. Waɗannan suna rufe ɗaya ƙarshen, wato shekarar da rigar ba za ta wuce ta ba. Ku adana su tare da ita.

Ban ce mai son sayen maƙaryaci ne ba, amma mai saye ba ya zama mai kimantawa. Ku nemi wanda ya san harkar kuma ba shi da niyyar saye, ya rubuta muku ra'ayinsa da dalilansa, ladarsa ta fito daga dukiyar gado da yardar kowa.

Bayan ƙima ta fito, hanya mafi sauƙi ita ce su ukun su bar maka ita don cika burin Baba, a rubuce, da shaidu biyu, kuma takardar ta ambaci ƙimar don kada gobe wani ya ce an rufe shi. In ƙanwarku ba ta balaga ba, ba mai ikon yafe kasonta. In ba su yafe ba, kana iya fansar kasonsu, ko a lissafa maka rigar cikin rabonka na sauran dukiya. Ni wannan na fi so, don maganar uba ta tabbata ba a tauye kowa ba. In hakan bai yiwu ba, a sayar da sa hannun kowa a raba. Kotu tana nan, amma kuɗin zirga-zirga na iya cinye rigar.

In sayarwar za a yi, ka kiyaye bakinka. A dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama suka gada, kayan da aka sayar bisa siffa dole su dace da siffar. Ka rubuta "ta 1955 ce" ta zamo ba haka ba, mai saye na iya dawo da ita ya karɓi kuɗinsa, ko da kun riga kun raba. A shari'ar Harlingdon a Ingila, wani dillali ya sayar da zane da ya fito jabu, amma ya tsira saboda ya faɗa tun farko cewa shi ba masanin aikin mai zanen ba ne, mai saye kuma ya dogara da idonsa. Don haka ka rubuta abin da ido ke gani kawai: aljihu nawa, wane irin harafi, ina ta yage, ina aka yi faci, ka haɗa da rahoton mai kimantawa. A rubuta a takardar ciniki cewa mai saye ya duba ya gamsu, kuma kada rigar ta bar hannunku sai kuɗi sun shiga asusun da duk magada suka amince da shi.