Kwan fitila mai launin bulu yana ƙara haske kuwa?

Tambaya: Salam oga, ni direba ne ina yawan bin hanyar Kaduna zuwa Zariya da daddare. Na sayi kwan fitila mai bulu a Panteka aka ce min ya fi haske, amma tunda na saka sai nake ganin titi ya ƙara duhu, musamman in ana ruwa. Idona ne ko kwan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam idonka lafiya lau, kwan ne. Wannan bulu ɗin fenti ne kawai aka shafa a jikin gilashin kwan halojin, wato kwan fitilar mota da aka saba da shi, shi kuma halojin asalin haskensa mai ɗan rawaya ne, to fentin sai ya tare rawaya da ja ya bar sauran ya fita, kaga haske ya ragu kenan. In ka tsaya gaban motar sai ka gan shi fari tas kamar na sabbin motoci, amma ka shiga ciki ka duba inda hasken ya tsaya a kan kwalta, ba ya nisa. In titi ya jiƙe abin ya fi muni, kuma mai tahowa ta gabanka kana kashe masa ido, wannan shi ya fi damuna wallahi, don ɗan acaɓa ko mai keke napep da ka kashe wa ido zai iya faɗawa rami.

Wasu sai su ce bari su ƙara wat, wato ƙarfin wutar da kwan ke ja, su cire kwan da ake kira H4 mai wat 60/55 su saka mai 100/90. Na sha ganin soket ya narke baƙi ƙirin, waya ta ƙone saboda haka. Kar ka fara.

Mai launin rawaya shi ma yana cin haske kaɗan, sai dai bai cika damun ido ba lokacin hazo ko ruwan sama, a Faransa ma doka ce motoci su sa rawaya har zuwa 1993. Ni dai a ƙananan fitilun ƙasa na bamba nake sa shi.

Ka mayar da kwan da ba shi da fenti mai wat ɗin da motar ta zo da shi, in gilashin fitilar ya yi dishi-dishi a goge shi, sannan ka je wajen mai wayarin da daddare ku haska bango a saita maka dim ɗin.