Ajiye direban tukuna, duba wayoyin

Ka ce kun ɗaura cip ɗin MPU-6050, mai auna motsi, a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta layin I2C, wayoyin da suke magana da juna ta cikinsu. In an cire wuta aka mayar, komai lafiya lau. In kuwa an sake tayar da na'urar ba tare da cire wuta ba, wani lokacin sai dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, ya nuna direban, wato manhajar da ke sarrafa cip ɗin, ya kasa, yau da lambar kuskure -121, gobe da -110. Kana tambaya ko ka zauna ka sake rubuta sashen probe na direban, wanda ke nemo cip ɗin ya shirya shi don aiki.

A'a, yarona, bar shi yadda yake. Direban inv_mpu6050 ya daɗe a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yana kuma aiki a hannun mutane da yawa. Ban ce ba ya kuskure ba, amma shi ne na ƙarshe da za ka tuhuma. Tsakanin direban nan da cip akwai direban mai kula da layin, wato i2c-bcm2835, akwai bayanin device tree da ke gaya wa kanel na'urorin da ke kan allon, akwai kuma wayoyi biyu na tagulla. A cikin waɗannan ne laifin ya fi ɓuya.

Lambobin da ka kawo min magana suke yi, ka saurare su. -121 shi ne EREMOTEIO. A kan Pi ma'anarsa an aika adireshi ko bayani, babu wanda ya amsa, kamar ka yi sallama a ƙofar gida ka ji shiru. Wasu direbobin -6 suke bayarwa a irin wannan hali, wato ENXIO. -110 kuwa ETIMEDOUT ne: an fara aikin, bai ƙare ba har lokaci ya wuce. Wannan ba rashin amsa ba ne, wani abu ne ya riƙe layin. In ka ga -517 kada hankalinka ya tashi, EPROBE_DEFER ne, direban yana jiran wani abu da bai taso ba tukuna, kanel zai sake gwada shi.

Adireshi ba shi ne matsalarka ba tunda cip ɗin yana amsawa in an kunna daga farko, amma ka riƙe wannan don gaba. Linux adireshi mai bit 7 yake so. MPU-6050 yana zama a 0x68, ko 0x69 in an ɗaga ƙafar AD0. Wasu takardun bayani na rubuta 0xD0 domin sun haɗa da bit ɗin karatu da rubutu, yara su kwafa haka cikin device tree su kwana suna neman laifi. Ka tabbata ƙafar AD0 ɗin nan an ɗaure ta a ƙasa (GND) ko a 3.3V, ba a bar ta tana lilo ba.

Ga abin da nake zargi. I2C, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1982, waya biyu ne kawai: SCL mai ba da bugu, SDA mai ɗaukar bayani. Babu na'urar da ke ɗaga su sama da kanta. Resista ce ke ɗaga su, kowace na'ura kuma iyakarta ta ja ƙasa ko ta saki. To ka ɗauka cip ɗin yana tsakiyar aiko da byte, ya ja SDA ƙasa don ya nuna sifili, a daidai lokacin sai furosesa ya sake tashi. Wutar cip ba ta ɗauke ba, bai san an yi wani abu ba. Yana nan riƙe da SDA yana jiran bugun da ba zai zo ba. Kanel ya taso zai fara magana, amma alamar farawa tana buƙatar SDA ya sauka daga sama, shi kuwa yana ƙasa tun tuni. Ka ga dalilin da cire wuta ke gyara shi.

Tabbatar da wannan ba ya buƙatar rubuta ko layi ɗaya. Idan ya sake lalacewa kada ka taɓa komai. Ɗauko mitar auna lantarki, baƙin tsinke a ƙasa (GND), jan a ƙafar GPIO2, wato SDA, sannan GPIO3, wato SCL. Layin da ke hutawa, duka biyun 3.3V za su nuna. In ka ga SDA a kusa da sifili, SCL a sama, ka kama ɓarawon. Gwada umarnin i2cdetect -y 1, mai lalubo adireshin na'urorin da ke kan layin, ma ka gani: a maimakon UU a gurbin 68, wanda ke nufin direba ya riƙe adireshin, za ka iya ganin teburin ya cika da lambobi kamar kowane adireshi na da mai shi.

Maganin yana cikin ƙa'idar I2C kanta: a buga SCL har sau 9, cip ɗin zai ƙarasa byte ɗinsa ya saki SDA, sai a aika alamar tsayawa. Linux na da tsarin yin haka, i2c_bus_recovery_info, amma ba kowane direban layi ne ya cika shi ba, don haka buɗe naka ka duba. In allon naku ne kuke ƙerawa, ku ba furosesa hanyar yanke wa cip wuta. Ya fi kowace dabara sauƙi.

In mita ta nuna duka a sama, sai mu koma kan surar siginar. Pi na da resista 1.8k a kan ƙafafun nan biyu, ƙananan allunan cip ma sukan zo da nasu, ga dogayen wayoyin da kuke son jonawa. Duk waɗannan na sauya yadda siginar ke hawa, ƙa'ida kuma ta tsayar da iyakar nauyin layi (capacitance) a 400 pF. In nauyin ya yi yawa, a osiloskop, na'urar da ke nuna surar sigina, za ka ga gefen da ya kamata ya miƙe tsaye yana hawa a kwance. Rage gudu daga 400 kHz zuwa 100 kHz da i2c_arm_baudrate, ka gajarta wayoyin. In kuskuren ya ɓace, laifin na lantarki ne.

Su kuma printk ɗin da ka watsa ko'ina cikin direban don su riƙa fitar maka da saƙo, kwashe su. Kowanne na cin lokaci, musamman in saƙon na fita ta siriyal, sai ya sauya tazarar da ke tsakanin saƙonni, matsalar ta ɓuya ka ɗauka ka gyara. Kunna events/i2c a cikin /sys/kernel/tracing, zai nuna maka kowane saƙo da sakamakonsa ba tare da ka taɓa direba ba.

Abu ɗaya ne zai sa in yarda mu shiga cikin kanel da wuri: in tsohon kanel na aiki a kan wannan allon da waɗannan wayoyin, sabo kuma ba ya yi. Nan git bisect, mai binciko tarihin canje-canjen kanel, zai kai mu ga canjin da ya jawo. Gobe ka zo min da dmesg cikakke da abin da mita ta nuna a GPIO2 lokacin da ya maƙale.